Ɗinkin da kafili bai gani ba

Shekarar da na haifi 'yata ta fari, a Khumra muke, ɗaki ɗaya a bayan wani sito. Maigidana yana kula da jirgin ruwan kafilinsa, Balaraben da ya tsaya mana a ƙasar, ɗan ƙaramin jirgi na shan iska, wanda ake ɗaurewa a bakin ruwan Abhur. Iƙamarmu, takardar izinin zama, duka a hannun mutumin take.

Wata Talata maigidana ya shigo da buhu ya zazzage, sai ƙyalle ya cika ɗakin, ja da ruwan ƙwai, shara-shara kamar ɓawon albasa. Ya ce shira'i ne, ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, irin wanda ake ɗagawa in iska ta yi sanyi kuma tana bayan jirgi. A hannunsa ya maƙale a ƙarfe ya yage, ga shi kafili zai fita teku ranar Juma'a.

"Kafin ya gani," ya ce. "Yalla, Hajiya tela."

Na ɗinka yadda na san ɗinki. Na ninka baki, na sa zare mai kauri, na bi sau uku kamar ƙugun wandon ɗan dako. Da ya dawo ya shafa wurin ya girgiza kai.

"Wannan ko raƙumi ba zai tsinka ba."

"To ba haka ake so ba, Malam?"

"Iskar da za ta ɗaga shi ba ta fi numfashin 'yarki ba. In ta ji nauyi, shi ke nan, sai ta wuce abinta."

Na zauna na warware, ina tsoron kowace huda. Na sake da siririn zare, ɗinki mai kai-da-komo don ƙyallen ya samu wurin miƙewa. Yarinyar tana barci a gefena, hasken taga yana ratsa shira'in ya zuba mata ja a kumatu. In fanka ta juyo sai ya tashi a hankali ya rufe mu. Wani lokaci nakan manta da allurar, ina jin kamar ɗakin ne ke tafiya a kan ruwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar na tsaya a bakin Abhur da goyona, wajen da jirage ke wucewa kusa. Jirginsu ya doso daga teku. Na hango maigidana a goshin jirgin, ya ɗaura kusurwa ukun shira'in, ya ja igiya har ƙarshen dogon sandan jirgin. Ƙyallen ya rataya kamar wankin da bai bushe ba. Ya daɗe haka. Bakina yana ta salati ban sani ba.

Can gefe ɗaya ya motsa, sannan cikin ya kumbura sannu-sannu, har ya kai kan ɗinkina ya wuce. Ba inji, ba ƙara. Jirgin ya gifta gabana kamar ba kowa ke tuƙa shi ba. Kafilin yana kishingiɗe a baya da finjalin shayi a hannu, idonsa a lumshe. Ko kai bai ɗaga ba.