Malamar da Ta Hau Jirgin Ƙasa

Ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu babu macen da ta fi ni iya ba da labari. Shi ya sa da wata tsohuwar Bayahudiya ta riƙe ni da nata labarin a unguwar Cheetham Hill, nan ƙasar Turawa, abin ya tsaya mini.

A ɗakin tsofaffi na kansil, wato ƙaramar hukuma, muka haɗu, inda ɗana likita yake ajiye ni ranar Alhamis in sha shayi. Ta girme ni, sai nake ce mata Yaya. Turancina na kasuwa ne, amma ina ji. Ta ce tana ƙarama, lokacin yaƙin duniya, a gidan marayu take a ƙasarsu. Malama ɗaya ce take kula da su, ta koya musu karatu, ta tsefe musu kai, ta raba burodi da zare don kada wani ya ce an cuce shi. Da sojoji suka fara kwashe Yahudawa zuwa inda ba a dawowa, malamar ta cusa Yaya cikin keken mai wanki, ƙarƙashin zannuwa, aka fita da ita. Sauran yaran aka tafi da su tashar jirgin ƙasa, malamar tana biye da su. Wani soja ya ce wa malamar ita tana iya komawa gida.

A nan shayi ya ƙare. Alhamis ta zagayo, muka tarar da ƙofa a rufe, wai kansil ba kuɗi. Yaya kuwa 'yarta ta ɗauke ta zuwa gidan kula da tsofaffi a Birmingham.

Na kasa zama. In share kicin, in sake sharewa. Mai ba da labari ba ta barin labari a tsakiya. Na ƙulla ƙarshe iri-iri a raina, babu wanda ya zauna.

"Hajiya, Birmingham fa ba ƙofar gida ba ce," in ji ɗana.

"Kano ma ba ƙofar gida ba ce, ka ɗauko ni. Tashi."

Mun same ta a bakin taga, ta rame, ba ta gane ni ba. 'Yarta ta ce kwanan nan sunaye ma zubewa suke yi. Na zauna, na ɗauko mata labarin daga farko da Turancina mai karaya, har na kai tasha, na tsaya.

Yaya ta ɗago kai.

"Malama ta hau," ta ce. "Mai wankin ya gani. Ƙaramin cikinmu yana tsoron jirgi, sai ta goya shi."

'Yarta ta juyo ta dube ni. Ashe ba ta taɓa jin wannan ba. Ta jawo kujera kusa, ta roƙe ni in maimaita, a hankali, tun daga burodin.