Taya Uku Muka Gama, Lyle

Ɗana Lyle Tackett ya rasu ranar Talata, shida ga watan Agusta, 2019, wajen ƙarfe tara na safe, a garejin da yake aiki a nan garin Flint. Shekararsa hamsin da shida. Sun ce ya sunkuya zai ɗauki sifana ne, bai ƙara ɗagowa ba. Zuciya ce, irin wadda ta ɗauki ubansa. Mun binne shi ranar Asabar.

'Yan ƙungiyar tsofaffin motoci sun ce in rubuta wani abu su sa a takardarsu ta wata-wata. Ni aji huɗu na yi a makaranta can Kentucky aka mayar da ni gona. Abin da na iya shi zan rubuta. Kuma da kai zan yi magana, Lyle, don da kai na saba.

A coci fasto ya ce kai mutum ne marar aibi. Fasto bai taɓa wanke maka kaya ba. Shekara talatin kana shan taba a bayan gareji kamar ba ni da hanci. Likita ya ce ka rage soye-soye, ka ce shi ma likitan ai tumbi gare shi. Coci kuwa iyakarka filin ajiye motoci. Muna ciki ana wa'azi, kai kana waje kana zagaya motocin mutane kana leƙa taya. Babu tsohuwar da ba ka shiga ƙarƙashin motarta ba a cocin nan. Ka tuna ran da ka ƙwace makullin Misis Odom, ka ce ba za ta tafi gida da wannan birkin ba? Ta zage ka tas a gaban jama'a. Ka kai ta gida a motarka tana zaginka har ƙofa, washegari ka kai mata tata a gyare. Ranar jana'izarka ita ta fi kowa kuka. Ta fi ni ma.

Amma maganar motar ubanka nake so in yi.

Ubanka Orville ya sayo ta sabuwa ful a 1970, lokacin yana aiki a masana'antar motoci. Ƙofa biyu, shuɗiya, injin da in ya tayar da shi sai tagogin maƙwabta sun yi rawa. Shuɗiya muke ce mata. Sau ɗaya na taɓa tuƙa ta. Shekarar da ta biyo baya ce, an yi ruwa, na ɗauke ta zan je kanti, kana baya kana da shekara takwas. Na zo gangaren kwanar layinmu na taka birki, ta ƙi. Na sa ƙafa biyu, ta ƙi. Sai da ta kwashe shingen gidan Pruitt da akwatin wasiƙunsu sannan ta ga dama ta tsaya. Goshinka ya fashe a jikin kujera. Tabon nan da shi aka binne ka. Ubanka ya zo a guje. Gaskiya kai ya fara dubawa, amma bai daɗe a kanka ba ya koma kan motar. Ya karɓi makulli a hannuna.

Daga ranar nan ban ƙara zama a kujerar direba ba sai in za a cire iska daga birki. Ku 'yan ƙungiya kun san aikin, amma matanku ma suna karanta takardar nan. Aiki ne na mutum biyu. Ɗaya yana kwance wajen taya da ƙaramar sifana, ɗaya yana kan kujera. Na ƙasa ya ce taka, ka yi ta takawa. Ya ce riƙe, ka danne. Ya kwance noti, man birki ya fito da kumfa, ƙafarka ta nutse har ƙasa. Sai ya ɗaure ya ce saki, sannan ka saki. In ka saki kafin ya faɗa, iska ta koma ciki, a sake daga farko. Shekara arba'in da wani abu ina yi wa Orville wannan. Na fi kowa sanin birkin motar nan, amma fa a tsaye.

A wajen su Orville da abokansa, mota irin wannan yadda ta fito daga masana'anta haka za ta tsufa. Noti ɗaya ka canza da wanda ba nata ba, ka ɓata ta. Ka sha yin faɗa da shi a kan haka. Da ya rasu shekara biyar da suka wuce, ka bari na gama rabar da kayansa, sannan ka same ni a kicin.

"Mama, zan sa wa Shuɗiya birkin zamani. Sai kin sake tuƙa ta."

Na ce, "Ubanka zai taso daga kabari."

Ka ce, "Ya taso mana. Dama ina neman mai riƙe mini fitila."

Shekara huɗu ka yi a kai, Asabar da Lahadi. Kwalaye suna ta zuwa. Ka cire birkin da, mai kwano, ka sa mai faifai a taya huɗu. Ka canza sifirin da shokazoba, ka ce ba za ta ƙara kwanciya a kwana kamar kwale-kwale ba. Ka sauke giyar hannu ka sa mai canza kanta, saboda gwiwata ba za ta iya kulochi ba. Wannan ya sa sai da aka rage tsawon farfela, ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ka yi wata biyu kana ƙunƙuni a kanta. Duk abin da ka cire sai ka wanke shi, ka naɗe a jarida, ka rubuta sunansa, ka jera a kan kanta. Kuma duk notin da ka ɗaure har ƙarshe sai ka ɗiga masa fenti rawaya. Ka ce mini, "Mama, in ba ki ga ɗigo ba, ban gama ba, ko da na rantse miki na gama."

Dewey Sizemore, abokin ubanka tun daga masana'anta, wanda ya fara koya maka riƙe sifana, ya shigo wata Asabar ya tarar da giyar a ƙasa. Kofin da na miƙa masa yana hannunsa.

Ya ce, "Kai ba bakanike ba ne, mahauci ne. Ubanka ko hucewa bai yi ba ka feɗe masa mota."

Ka ce, "Kawu Dewey, ga kayan can a kan kanta, kowanne da sunansa. Ran da Mama ta gaji da tuƙi sai ka zo mu mayar."

"Uwarka? Tuƙi? Je ka tambayi shingen gidan Pruitt."

Na ce masa ya ajiye mini kofina ya fita. Ya fita da kofin. Tun daga nan bai ƙara yi maka magana ba. In ka shiga taron ƙungiya sai ya ja kujerarsa gefe. Ka nuna ba ka damu ba. Ƙarya kake. Ni na haife ka.

Ranar Litinin, biyar ga wata, ka zo da yamma daga aiki ka ce komai ya kammala, saura cire iska. Na hau kujera. Muka yi tayar baya ta dama, ka ɗiga fenti. Ta baya ta hagu, ka ɗiga. Ta gaba ta dama, ka ɗiga. Sai gwiwata ta fara zafi.

Na ce, "Lyle, ƙafata ta gaji, ga wake a kan wuta. Mu bari sai gobe."

"Haba Mama, saura ɗaya fa. Minti goma."

Na ce, "Shekara arba'in da takwas na jira. Don na ƙara kwana ɗaya ba mutuwa zan yi ba."

Ka yi dariya, ka goge hannu, ka ci wake da burodin masara kwano biyu, ka tafi gida.

Ni ban mutu ba.

Ba na neman kowa ya ce mini ba laifina ba ne. Na san minti goma ba za su gyara maka zuciya ba. Amma da ka ga motar ta fita da ƙafarta. Da ka zauna a gefena ka yi mini tsiya. Ni na ce gobe. Wannan nawa ne, kuma zan riƙe abina.

Ku 'yan ƙungiya kun san al'adarku. In ɗan ƙungiya ya mutu, motoci suna bin gawarsa a jere, tasa tana gaba, wani nasa yana tuƙawa. In motar ba ta tafiya sai a ɗora ta a tirela. Ranar Alhamis matarka Darlene ta zo ta ce, "Mama, sun ce za su turo tirela." Kai da kake cewa motar da ake ɗorawa a tirela ba mota ba ce, kujerar falo ce. Na ce ba za a ɗora ba, ni zan tuƙa. Suka aiko mutum biyu su lallashe ni. Suka ce babu wanda ya san abin da ka ɗaure da abin da ba ka ɗaure ba, kuma ba za su sa tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya a bayan motar gawa da birkin da ba a gama ba. Suka ce in ba Dewey ne ya duba ya yarda ba, babu magana, don shi ne babbansu. Na ce to shi ke nan, an gama da ni.

Na shiga gareji na zauna a kujerar. Na taka birki, ya tafi laɓu-laɓu kamar burodi. Ni kaɗai babu abin da zan iya. Aikin mutum biyu ne.

Ranar Juma'a da safe ina jera kwanukan abincin da maƙwabta suka kawo, sai ga Dewey a ƙofar kicin, da kofina a hannu. Shekara huɗu. Ya ajiye shi a kan tebur ya ce, "Buɗe mini gareji, Verna."

Mutumin nan shekararsa saba'in da tara, bayansa duk ƙarfe ne likitoci suka sa. Sai da ya yi minti biyar kafin ya kai ƙasa. Ya shige ƙarƙashi da tocila. Awa guda ina jin numfashinsa yana jan jiki daga baya zuwa gaba, yana bin noti ɗaya-ɗaya. Da ya leƙo sai ya ce, "Ɗan banzan yaron nan, ko ɗaya bai tsallake ba. Duk da ɗigo. Saura ta gaba ta hagu. Hau kujera."

Na ce, "Kai da ka ce mahauci ne?"

"Har gobe mahauci ne. Amma ya iya aiki. Hau, ba ni da bayan tashi sau biyu."

Na hau. Ya ce taka, na taka. Ya ce riƙe, na riƙe. Ya ce saki, na saki. Muka yi sau uku, birkin ya fara tauri a ƙafata. A na huɗu ya ce riƙe, na danne, ƙafata ta nutse. Na jira ya ce saki. Shiru. Sai na ji shi a ƙarƙashin motar, yana kuka irin na tsofaffin maza, wanda ba sauti sai shaƙa. Gwiwata kamar an zuba mata garwashi. Ban san ko ya ɗaure notin ko bai ɗaure ba. Ban tambaya ba. Na riƙe, Lyle. Ban san minti nawa ba. Ya fi goman nan da na hana ka. Sai can ya share hanci ya ce, "Saki."

Ya miƙo mini alƙalamin fentinka ya ce shi ba zai sa hannu a aikin wani ba. Na durƙusa na ɗiga da kaina. Ya fito a karkace, ya ɗan zuba. In kun gani kada ku goge.

Ranar Asabar motoci talatin da ɗaya suka zo. Ina bayan motar gawa, Darlene a gefena ta ƙanƙame jakarta. Ba na ganin laifinta, ta san labarin shingen. Shuɗiya ta bi kwana ba ta kwanta ba, kamar yadda ka ce. Ƙofar maƙabarta tana ƙasan gangare, kuma da muka gangaro mai motar gawa ya tsaya farat ɗaya, wai ba a gama buɗe ƙofa ba. Na ga akwatinka ta gilashin baya yana matsowa. Na taka. Da ƙafa ɗaya.

Ta tsaya, Lyle. Inda na ce ta tsaya, nan ta tsaya.

Sai na ji talatin ɗin da ke bayana sun taka totur gaba ɗaya, yadda kuke yi wa naku. Darlene ta ce in taka ni ma. Na ce a'a. Ƙafata tana kan birki, kuma ban yi niyyar ɗauke ta ba tukuna.

Kayan ubanka suna nan a kan kanta yadda ka jera su. Dewey ya ce kada a taɓa. Ban gaji da tuƙi ba.

Allah ya jiƙanka, ɗana. Ya yafe maka tabar, da taurin kai, da wa'azin da ka yi ta tsallakewa. Ya duba tsofaffin da suka isa gida lafiya saboda kai, ya lissafa maka su. Ya haɗa ka da ubanka a wuri mai daɗi, ku ƙarasa faɗanku a can. Darlene, kin riƙe mini shi shekara talatin da ɗaya da halinsa, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki. Shawna, jikata, ubanki ya so ki fiye da yadda bakinsa ya iya faɗa, Allah ya dafa miki. Abokan aikinsa da suka ɗauke shi daga ƙasa ran nan, da ku 'yan ƙungiya, na gode, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Dewey, ka zo ka sha kofi. Kofin ka bar shi a nan.

Ni kuma shawarata, ran da wani naku ya ce muku saura ɗaya, minti goma, ku sauke tukunyar ku zauna.

Verna Tackett, mahaifiyarsa.