Ranar da Yaya ta ƙi taɓa tukunya

Wata shekara bayan kaka, gero ya yi kyau, aka ce za a yi bikin abincin gargajiya a wani fili bayan garin Tanut. Kowane ƙauye ya turo matan da za su yi girki don Allah. Daga namu ƙauyen, can wajen Ollelewa, aka ɗebi mu da dama, har da ni da yayata.

Yaya ta girme ni sosai, kuma tana da ciwon sukari. A gidan likita an gaya mata kada ta riƙa zama da yunwa, in ta sha maganinta to ta sa wani abu a ciki. Ta san wannan sarai, amma taurin kanta ya fi ciwon ƙarfi. Na ce ta zauna gida. Ta ce, "Ke za ki yi musu burabuskon? Wannan naki mai kama da yashin gulbi?" Haka muka hau mota.

Da hantsi wani saurayi daga cikin masu shirya bikin ya tara mu. Yaron kirki ne, ladabi kamar me, kowace sai ya ce mata Inna. Ya nuna mana yadda suka tsara: an kafa turaku, an ja igiya biyu, jama'a za su bi tsakani a layi, kowa ya karɓi farantin roba, ya zo gaban tukwane a zuba masa, ya fita ta gefe. Sannan ya ce masu aiki su yi haƙuri, sai baƙi sun gama za mu ci, don kada abinci ya kasa.

Na matsa kusa da Yaya na ce mata a kunne ta ɗebi ko loma biyu ce kafin a fara.

"A'a," ta ce. "A je a ce matan ƙauyenmu sun ci tukunya kafin baƙi? Ba da ni ba."

"Yaya, kin sha magani fa."

"Na sha. Ke dai iza wutarki."

Wallahi raina ya ɓaci. Da na gaya wa saurayin nan, da gudu zai kawo mata abinci, na tabbata. Amma da Yaya ba ta sake yi mini magana ba sai wata kakar.

Jama'a suka zo fiye da yadda aka zata. Manoma daga Falanko, makiyaya daga wajen Tenhya da rawunansu, ga mutanen gari. Da farko layin ya tafi lafiya. Da rana ta ɗaga, na bayan suka fara leƙen tukwane, suna ganin yadda ake kwasa. Ban ga laifinsu ba. Mu a ƙasarmu ta Damargu, in ka ga an ja igiya an ce a yi layi da abu a hannu, to rabon hatsi na shekarun wuya muke tunawa, lokacin da na ƙarshe ke komawa gida da buhunsa a naɗe. Babu wanda yunwa ta koro wannan rana, kowa rumbunsa cike yake. Amma ƙafa ba ta manta ba. Na baya ya tura na gaba, na gaba ya jingina da igiya.

Bakin igiyar kuwa daidai murhun Yaya yake, ga kaskon mai na wata mai ƙosai a gefenta yana tafasa. Na duba na ga Yaya tana gumi irin wanda ba na wuta ba. Turke ɗaya ya tuge. Mutane suka zubo har wani dattijo ya dafa murfin tukunya. Saurayin ya shiga tsakani ya ware hannuwa, yana ta "Don Allah, don Annabi, akwai abinci!" har muryarsa ta dushe. Ni da mai ƙosai muka kama kaskon da bakin zane muka ja shi baya. Tsoro na ji ba kaɗan ba.

Allah ne ya taimake mu, aka kira azahar. Maza suka saki, suka nufi inuwar bagaruwa inda aka shimfiɗa tabarmi. Da suka sallame, rana ta yi zafi, babu mai marmarin komawa cikin matsi, sai suka zauna nan ƙungiya-ƙungiya, mata ma suka samu tasu inuwar. Igiya tana ƙasa. Babu wanda ya ba da umarni. Wata cikinmu ta zuba dambu a babban kwano ta kai wa na kusa, kamar yadda ake yi a suna ko walima, sai kowace ta bi. Saurayin ma ya ɗauki kwano ya shiga kaiwa, leɓensa a bushe, na gane shi ma tun safe bai sa komai a bakinsa ba.

Filin ya yi tsit. Wanda ke zaune ya san za a iso gare shi, ba ya ture kowa. Har yau ina tunanin wannan in na ga an ja igiya a wurin abinci.

Amma Yaya ta zauna a ƙasa ta jingina da buhun gawayi, idonta ya yi wani iri. Tukunyarta da saura. Na ɗebo na miƙa mata, ta kau da kai.

"Baƙi ba su gama ba," ta ce, maganar ma da ƙyar take fita.

Na rasa yadda zan yi da ita, na ji kamar in yi kuka. Sai na tafi kwaso kwanuka. A wajen wasu makiyaya na tarar da kwanon burabusko an ci gefe ɗaya, an bar ɗayan lafiya lau, har da tsokar nama a kai. Na tsaya ina jira su ƙarasa. Babbansu ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗauki, baiwar Allah. Wannan na wadda ta dafa ne."

Na kawo na ajiye gaban Yaya, na gaya mata abin da mutumin ya ce, ban ƙara ko kalma ba. Ta dubi kwanon. Sannan ta yi bismilla ta sa hannu, rabin lomar farko ta zube a zanenta. Ta ci, ta ci, ina tsugune ina kallon ta har idonta ya dawo daidai.

Da ta kusa gamawa ta janye hannu, ta turo mini kwanon da ɗan abin da ya rage.

"Kai wa yaron nan mai igiya," ta ce. "Tun ɗazu nake ganin bakinsa."