Lilon Katako da Ƙafar Ummi

Shekara ashirin ke nan cif, a lissafin watan Shawwal, da aka kai Yaya Safiya makwancinta. Masu irin wannan rubutu sun saba jero alheran mamaci, ni ma ina da su a hannu. Ta ciyar da alhazai, ta yi wa matan unguwarmu wankan gawa shekara da shekaru, bakinta ba ya rabo da salati. Duk gaskiya ne. Amma ni Hadiza ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, na kuma haura tamanin, saboda haka yau abin da na sani zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Abin da ya taso da maganar, kwanaki jikata ta ja ni wani filin wasan yara a unguwar Rusaifa, nan Makka, wai in sha iska. Can na ga lilon nan da yara biyu ke hawa, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Na yanzu na ƙarfe ne, an shafe shi da fenti, an shimfiɗa roba a ƙasa. Jikar tawa, da yake ta yi boko, ta ce wai sunan da Turawa ke kiransa daga waƙar masu yankan katako ya fito, mutum biyu a kan zarto ɗaya. Na yi dariya har da tari, don sana'ar ubanmu ke nan.

Baba da ƙafa ya zo Makka daga ƙasar Kano, ta Sudan, ya zauna a Tandabawi tun gidajen unguwar na kwano ne da buhu. Gungumen da ake kawowa daga Jidda yake tsagawa da dogon zarto mai mariƙi biyu, shi a sama, abokin aikinsa a ƙasa. Doka ɗaya ce a aikin, kuma ya fi riƙe ta da komai in ban da salla: ba ka sakin zarto sai ka faɗa wa ɗan'uwanka. Ya taɓa ganin wanda aka sakar wa ba sanarwa, haƙoran zarto suka buɗe masa fuska. Don haka duk ƙaramar salla in ya ɗora mana guntun katako a kan kututture a tsakar gida, sai ya maimaita, "Wadda ke ƙasa ba ta tashi sai ta ce za ta sauka."

Sallar da abin ya faru ina shekara takwas, Yaya Safiya sha biyu, autarmu Ummi biyar. Yadi ɗaya kore aka yanka mana mu uku, kamar yadda ake yi. Da hantsi manya sun fita gaisuwa, ni da Ummi muna kan katakon. Ummi matsoraciya ce, in ta hau runtse ido take yi har a gama. Ina ƙasa sai na ji an riƙe min kafaɗa. Yaya ce. Ta sa yatsa a baki, ta zame ni gefe ta zauna a wurina ba tare da katakon ya motsa ba. Ta danne shi da nauyinta, Ummi na can sama tana kiran sunana, ita kuwa tana dariyar da ba sauti. Sannan ta kalle ni, ta sulale.

Ƙarar da na ji har yau ban ji irinta ba. Ummi ta faɗo a kan dutsen da Inna ke wanki a kai, ƙugunta ya karye, ta suma.

Da Baba ya shigo, kafin in buɗe baki Yaya ta riga ni. Kuka take da majina. "Wallahi Baba na hana Hadiza, na ce ta faɗa kafin ta tashi." Na ce ƙarya ne. Da Ummi ta farfaɗo aka tambaye ta wa ke ɗaya gefen, ta faɗi abin da ta sani, ta ce Yaya Hadiza ce. Wata maƙwabciya da ta leƙo ta saman kwano ta ce ita dai koriyar riga ta gani. Shi ke nan shari'a ta ƙare. Baba bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Ke kika karya ta, daga yau ke ce ƙafarta."

Shekara biyu ina goyon Ummi. Ni ke kai ta wurin maɗori, ni ke kai ta bayan gida, ni ke hawa da ita tudun unguwarmu a zafin Makka, ƙafata ba takalmi. Ɗorin bai kama daidai ba, ta tashi da ɗingishin da har yau take yi. Yaya kuwa ita ce mai fifita, ita ke kawo alawa, ita ke yi mata kitso tana ba ta labari. In na sauke Ummi ina haki, sai ta ce, "A hankali mana, bai ishe ki ba?" Ummi ta so ta kamar ranta. Ni kuma tana min irin ladabin da ake yi wa wanda aka yafe wa laifi, kuma ba abin da na tsana a duniya kamar wannan ladabin. Baba ya rasu bai ƙara ba ni ajiyar ko allura ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga Makkar yau. An rushe gidanmu, ko kututturen ba wanda zai nuna inda yake. Na san za ta tsaya a filin wasan nan ta taɓe baki ta ce an lalata yara, wasan da ba faɗuwa ai ba wasa ba ne. Abin da zai dame ta na gaske shi ne wayoyin da ke hannun kowa. Da a yau ne, da wani ya ɗauki hoton abin tun daga saman bene, da bakinta bai yi mata amfani ba.

Na jira ta shekara hamsin da ɗoriya. Ban nemi ta tara jama'a ba, Ummi kaɗai nake so ta faɗa wa gaskiya. Da ciwon ajali ya kwantar da ita a gidan ɗanta a unguwar Zahir, ta aika a kira mu mu biyu bayan la'asar. A hanya na ce a raina yau dai Allah ya kawo ranar. Ta kama hannun Ummi ta ɗora a kan nawa, ta dube ni da idon nan nata, sarai cikin hankalinta. Ta ce, "Ummi, ya habibti, abar ƙaunata, kafin in tafi ina roƙonki abu ɗaya. Ki yafe wa Hadiza, yarinta ce." Ummi ta fashe da kuka ta ce ai tuntuni ta yafe. Matan da ke ɗakin suna ta masha Allah, wai ga mai sulhu har a bakin kabari. Bayan kwana biyu ta cika.

To, me ya rage na Yaya Safiya? Alhazan da ta ciyar sun koma garuruwansu, matan da ta wanke suna inda take. Ladanta da zunubinta na wurin Mai Sama, ba ni zan auna ba, kuma ina mata addu'a kamar yadda aka umarce mu, ko da zuciyata na turjewa. Abin da na ga ya rage da idona shi ne maganarta, wadda har yanzu ta fi tawa nauyi.

Bana na gwada. Ummi ta dafa shinkafar sadakar da take yi wa Yaya duk shekara, na je da sandata, ita ma ga tata. Da aka watse na zaunar da ita na faɗa mata komai, tun daga hannun da ya riƙe min kafaɗa. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta janye hannunta daga nawa, ta gyara mayafi.

"Yaya Hadiza, ki ji tsoron Allah," ta ce. "Ƙafar na yafe miki. Wannan kam ba zan yafe ba."