Baba Haladu da Askarsa Mai Gurbin Yatsa

Kullum bayan asuba, kafin masunta su nufi kogi, Baba Haladu Wanzami yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurensa a Haɗeja, ya kwance zabira, yana wasa aska. Askar kuwa ba ta da kyan gani ko kaɗan. Wasawa ta cinye cikinta har ta rame, ƙotarta ta ƙaho ta tsage an ɗaure da waya, babban yatsansa ya yi mata gurbi. 'Ya'yansa sun sayo masa sabuwa mai walƙiya daga Kano, ya yi godiya, ya jefa ta ƙasan zabira.

Bana hannun Baba ya fara rawa. Kowa ya gani, aka rasa mai faɗa. Ana cikin haka Mardiyya, 'yar maƙwabcinsa, ta haihu, ta kafe sai shi zai yi askin suna, tunda shi ya yi nata.

Ranar suna Yunusa, uban jaririyar, ya durƙusa gabansa, gumi na keto masa. “Baba, ko sabuwar za a ɗauko? Kan yarinyar nan kamar ƙwai yake.”

“Sabuwar ba ta san ni ba, ɗan nan. Kawo tafasasshen ruwa.”

Aka kawo ruwan, Baba ya jefa askarsa a ciki, mu da ke wurin muka zuba ido. Ya tsamo tsohuwar daga ruwan zafi, hannu na kyarma. Yatsan na faɗawa gurbinsa, rawar ta tsaya cak. Ya bi kan a hankali, ya ratsa maɗiga, gashi na zuba a ƙwarya, ko ƙwarzane babu. Jaririyar ma barcinta ta ci gaba da yi. Mardiyya ta fashe da kuka, mata suka rangaɗa guɗa, mu kuma sai a lokacin muka tuna da numfashi.

Baba Haladu, kai ne ka aske kakanni da jikoki da ƙarfe ɗaya, ba ka taɓa jin kunyar tsufansa ba. Mai hannun sanyi, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ku riƙe kayan aikinku da amana har su san hannunku, ku kuma koyi abin da ya yi a ƙarshe. Ya goge askar, ya naɗe ta a ƙyalle, ya dubi Yunusa.

“Yau ta rufa min asiri. Ba zan sake roƙonta ba. Na ajiye.”