Ranar da Yaya Dakta Ya Mai da Shugabata Kaza

A duk shekarun da na yi a wannan aiki, ban taɓa mantawa da wata Asabar a Birmingham ba. Tunda ku sababbi kuna yawan tambayata dalilin da ya sa ba na yarda littafi ya tafi wurin bugu sai baƙo ya gwada shi, bari ku ji.

Lokacin wata uku ke nan da ɗaukata a matsayin mataimakin edita, a ofishinmu na farko da ke saman wani sito a unguwar Cheetham Hill, cikin Manchester. Mu biyar ne kacal. Helen ce shugaba, Duncan kuma marubuci. Ni ilimin laburare na karanta a jami'a, kuma ranar Litinin mai zuwa za a yanke ko a tabbatar da ni ko a sallame ni.

Ga wanda bai san sana'ar ba, wasa muke bugawa. Mutane su zauna a tebur, ɗaya ya riƙa ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda a takarda. In jaruminka zai yi wani abu, sai ka jefa ƙwaya irin ta lido, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya dace. Wasu jaruman suna da sihiri, na ƙarya, na tatsuniya. Duncan ya shekara goma yana ƙirƙiro ire-iren sihirin nan, fiye da ɗari biyu, wasu a bayan ambulan, wani ma a jikin kwalin shayi. Aikina shi ne in jera su yadda mai wasa zai samu abin da yake nema ba tare da shayin jama'a ya huce ba.

Duncan yana son a jera su bisa ƙarfi, daga mataki na ɗaya zuwa na biyar. Helen tana son bisa haruffa. Na ce mai wasa bai san sunan abin da yake nema ba, buƙatarsa kawai ya sani. Wanda ya shiga kasuwa neman tattasai layin kayan miya yake nufa, ba layin harafin "t" ba. Sai na kasa su bisa amfani: Faɗa, Magani, Tafiya, Ɓuya, Abinci. Helen ta ce ta amince, da sharaɗin a ba wanda bai taɓa ganin littafin ba, ya nemo sihiri cikin minti ɗaya. An sa gwajin a wani shagon shayi na 'yan wasa a Birmingham, kusa da maɗaba'ar da ke buga mana littattafai.

Ana cikin haka matata Rukayya ta ga takardun a teburin cin abinci a gidanmu na Moss Side. Ta ɗauki hoton shafin da ke cewa "Yadda Ake Saukar da Ruwan Sama a Cikin Ɗaki", ta tura wa yayanta don ya yi dariya. Yaya Kabiru likita ne, mutum ne da ko gaisuwa yake yi kamar yana duba hawan jininka. Bai yi dariya ba. Da ya ji an soke jirgin ƙasan da zan hau, sai ya ce shi zai kai ni a motarsa.

Da muka yi nisa a hanya, sai ya ce:

"Bashir, gwamnati ta turo ka karatu, mu muka ba ka ƙanwarmu. Yanzu bokanci ka koma?"

"Yaya, wallahi wasa ne. Kamar dara."

"Dara ba ta saukar da ruwa a ɗaki. Zan gani da idona."

Da muka isa, sai Helen ta tare ni da cewa baƙon da aka shirya ba zai zo ba, haƙori ya hana shi fita. Ta dubi Yaya, da kwat ɗinsa da fuskarsa a murtuke, ta ce ai ga baƙo Allah ya kawo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya kuwa ya ja kujera, ya ce dama abin da ya kawo shi ke nan. Da aka miƙa masa takardar jarumi mai sihiri, ya ce shi ba zai zama boka ba ko a takarda. Duncan ya soke kalmar, ya rubuta "likitan ayari". Sannan Yaya ya karɓa.

Duncan ya fara labari. Ayari ya maƙale a kogo, kwana uku ba abinci. Helen ce jarumar yaƙi, mai takobi. Aka danna agogo, aka tura wa Yaya littafin. Ya yi a'uziyya a fili, ya buɗe, ya tafi kai tsaye sashen Abinci. Na ji daɗi a raina. Sihirin yin burodi na mataki na uku ne, shi kuwa jarumin nasa yana na ɗaya. Ya gangara da yatsa, ya tsaya.

"Wannan zan yi. Mai da Abokin Gaba Kaza."

Duncan ya ce ai babu abokin gaba a kogon. Yaya ya gyara tabarau, ya karanta ƙa'idar a hankali, ya ce an rubuta "duk wanda ke tsaye a gabanka riƙe da makami". Ya nuna Helen da biro.

"Ku kwantar da hankalinku, ba yanka ta zan yi ba," in ji shi. "Ƙwai kawai muke buƙata. Awa nawa abin yake ɗauka kafin ya sake ta?"

Ya jefa ƙwayar, lamba mafi girma ta fito. Duncan ya yi ja har kunne. Ya ce wannan sihirin faɗa ne, tun yana saurayi ya rubuta shi, ba don a yi kiwon kaji ba. Yaya ya ce shi a inda ya same shi ya ɗauka.

Helen ta juyo gare ni. "Wa ya sa wannan a ƙarƙashin Abinci?"

Na ce ni ne. Gaskiyar magana, shi ne na ƙarshe da ya rage mini, ban karanta bayaninsa ba, na ga kaza kawai, kuma ranar ban ci abincin rana ba. Na fara tunanin yadda zan gaya wa Rukayya cewa yayanta ya ci aikina.

Helen ta tambayi mai riƙe da agogo, ya ce daƙiƙa ashirin. Ta dubi Duncan ta ce, tunda ƙa'ida ce, ƙwai nawa ake buƙata ta yi? Teburin ya kece da dariya, har Duncan ya kifa kai. Yaya kaɗai bai yi ba, yana jiran amsa. Aka ba shi ƙwai biyu, ya raba wa ayari, ya ce kada kowa ya ci da gishiri da yawa.

A wurin aka yanke hukunci. Tsarina ya zauna, kazar ta koma sashen Faɗa, Duncan ya gyara ƙa'idar. Helen ta sa aka ƙara layi a ƙarƙashin Abinci mai tura mai karatu zuwa shafinta. Na raɗa wa Yaya cewa an rubuta "duba shafi kaza". A nan ne ya murmusa, sau ɗaya. Ranar Litinin aka tabbatar da ni.

A hanyar komawa Manchester ya ce, "Wannan ba bokanci ba ne, shirme ne. Sai dai shirmen masu ilimi." Bayan mun wuce wani gidan mai, ya ƙara da cewa, "Shi likitan nan nawa, me zai yi ya kai mataki na uku?"

Abin da na koya shi ne, inda ka ajiye abu a littafi, ka riga ka gaya wa mai karatu abin da zai yi da shi. Marubuci ya san nufinsa, edita yana zaton ya sani, baƙo kuwa abin da ke kan takarda kawai yake bi. Don haka ku karanta kowane layi har ƙarshe kafin ku ba shi gurbi, kuma kada wanda ya zauna jera littafi da yunwa a cikinsa.