Ƙwayar da na riƙa kai wa Inna

Edita, ka ba ni fili in sauke abin da ya daɗe yana cin raina. A shekarun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci ni matashin tela ne a Yalwawa, ina fama da asma. Likita ya rubuta mini wata 'yar farar ƙwaya, firedinisolon, ya ce kwana biyar in daina. Na sha, ƙirjina ya buɗe kamar ba ni ba.

Mahaifiyata tana ƙauye wajen Miga, ciwon gwiwa ya hana ta ko sallah a tsaye. Na ce a raina abin da ya yi mini ai zai yi mata. Na sayo a kemis na kai. Cikin sati ta koma daka da kora awaki, tana ta sa mini albarka. Shekara ɗaya da rabi ban bari ta yanke mata ba.

Sannu a hankali fuskarta ta cika ta kumbura, tozo ya fito mata a bayan wuya, ƙafafu kuwa suka tsotse. Maƙwabta na murna wai Inna ta yi ƙiba. Ni kuwa in na shiga gaishe ta, muryar tata ce, fuskar ta wata ce daban. Wata rana da hantsi na tarar ta shimfiɗa tabarma biyu, ta dama fura kwano biyu, tana hira tana dariya. Ta ce in durƙusa in gaida Baba mana, ga shi nan zaune. Baba ya shekara tara da rasuwa.

Tsoro ya kama ni, na kwashe ƙwayoyin na zuba a masai. Bayan kwana uku ta fara amai, jikinta ya saki. A asibitin Jahun da na gaya wa likita abin da take sha da yadda na zubar da shi, sai ya yi mini bayani. Ya ce jikinta ya riga ya dogara da maganin, kaɗan-kaɗan ake rage shi, yankewa farat ɗaya ita ta kayar da ita. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Washegari da la'asar ta cika.

Har yau 'yan gida sun ɗauka iska ce. Na san kwananta ne ya ƙare, amma hannuna na ciki har sau biyu: ranar da na ba ta, da ranar da na ƙwace. Don Allah wanda aka rubuta wa magani kada ya miƙa wa wani, komai tausayi. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan kuma, kada ya daina sai likita ya gan shi. Ku sa Inna a addu'a.